Gangar Jana'izar Firmin

A ƙauyenmu na Ayer, in ka hangi mutum yana tafiya a fili kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar hanyar ce ta karkace masa shi kaɗai, ba sai ka tambaya ba, Firmin Savioz ne. Ba gurgu ba ne. Tun yana yaro yake tsayuwa a gangaren gonar inabi, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, har jikinsa ya ɗauka haka Allah ya shimfiɗa duniya. In ya shiga coci, inda daɓe yake daidai, sai ka ga yana laluben bango. Matarsa Léonie takan ce ranar aurensu ma a karkace ya tsaya gaban Fada, ita kuwa ta zaci kunya ce. Da ta san haka zai zauna har tsufa, in ji ta, da tun ranar ta cusa masa dutse a aljihun hagu.

Gonar tasa tana can ƙasa, a saman garin Sierre, inda rana take dukan dutse tun da safe. Kiranta gona ma kara ce. Kakansa ya raba wa 'ya'yansa, su ma suka raba wa nasu, har abin da ya iso hannun Firmin ya zama 'yan tsirarun filaye hawa-hawa, kowanne da katangar dutse tana tallabe da shi kada ya zame. Wani in ka shimfiɗa bargo ka rufe shi ruf. Akuya in ta ɗaga kai ta kalli wurin sai ta sake shawara. Can ƙuruciyarsa ta ƙare, can gwiwoyinsa suka ƙare. Duk ƙarshen hunturu, ƙasar da ruwa ya wanko takan taru a gindin katangar ƙarshe, sai ya loda ta a kwandon goyo ya hau da ita ya zube a sama, don ta samu inda za ta sake gangarowa baɗi. Bai taɓa ganin abin dariya a wannan aikin ba. Mu ne muka gani.

Inabin da yake nomawa Rèze ne, farin inabin kakanni, wanda masu hankali suka daɗe da tuge shi suka dasa mai farin jini a kasuwa. Rèze in ka tsinki ɗaya ka jefa a baki, idonka na dama zai rufe da kansa ba tare da ya nemi izininka ba. Giyarsa a shekarar farko tsami ne da kaifi, ta fi dacewa da goge taga. Amma a hau da ita ƙauye, a zuba ta a gangar katako, ta kwana a sanyin ɗakin ƙasa shekara da shekaru, sai ta huce ta yi hankali. Wasu mazan ma haka suke. Ba duka ba.

Kada wani ya ji tausayin Firmin, don shi bai taɓa jin tausayin kansa ba. Da can da alfadari yake sauka gona, yanzu da rawayar motar gidan waya mai ɗaukar fasinja, yana zaune bayan direba yana sanar da shi kowace kwana kafin a iso ta. Yakan datse rassa da almakashin ubansa, ya ɗaure kuranga da karan hatsi jiƙaƙƙe don bai yarda da igiyar roba ba, lokacin feshi kuwa ya dawo gida shuɗi shar har cikin kunnuwa. Da tsakar rana sai ya zauna a kan katanga, ƙafafu na lilo bisa rufin gidajen mutane, ya yanki baƙin burodi da busasshen nama, ya kalli kogi yana wucewa can ƙasa, ya ji tausayin duk wanda yake zaune a ofis. 'Ya'yansa biyu sun tafi birni sun zama irin waɗanda yake tausayin, bai riƙe su a zuci ba. Abu ɗaya ne kawai a duniya yake hana shi sakewa, shi ma a ƙarƙashin gidansa yake.

Ranar da ya yi aure, kamar kowane ango a kwarin nan a wancan zamani, ubansa ya sauka da shi ɗakin ƙasa ya nuna masa sabuwar ganga a lungu. Ya ɗebo daga tsohuwar tasa ya zuba a ciki don ta zama uwa, ya cika sauran da ta shekarar. Uwarsa kuma ta ɗora ƙaton cuku a kan kantar bango. Suka ce masa, "Wannan na ranar da za a binne ka ne." Haka muke yi wa angwaye barka.

Ganga irin wannan ba a barinta da sarari. Katako yana sha, iska tana sha, don haka duk shekara sai an cika ta da sabuwa. Mai ita yana iya zare toshi ya sansana, ya tsoma sanda ya lasa. Amma ba a kafa mata famfo, ba a zuba wa kowa a tambulan, sai ranar da aka dawo daga maƙabarta. Ranar kuwa ita ce jarrabawar mutum. Huɗubar Fada ana manta ta kafin a kai ƙofar coci, giyar mamaci ba a manta ta. Marigayi Cyprien mutumin kirki ne, ya gina rabin katangun kwarin nan da hannunsa, amma gangarsa ta juya ta zama tsami tsantsa bai sani ba. Yau in madara ta lalace a gidan wata sai ta ce ta yi Cyprien. Jikokinsa in sun zo hutu ba sa faɗin sunan kakansu da ƙarfi.

Wanda ya yanke wa Cyprien hukuncin nan shi ne Basile Vianin. Basile siriri ne kamar sandar kuranga, ba shi da wani abin a zo a gani sai harshe. Allah ya ba shi harshen da yake gane giyar wace gona ce da kurɓi ɗaya, ya kuma ba shi wanda yake faɗa. A wurin kowace jana'iza, in an zuba tambulan na farko, ba wanda yake kai nasa baki sai an kalli fuskar Basile. Matar mamaci ma takan tsagaita kuka ta leƙo ta gefen mayafi.

Gonarsa kuwa tana bisa ta Firmin, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Tare suka yi makaranta, tare aka kore su daga mawaƙan coci. Duk lokacin datse rassa, in giyar bara ta kwanta, Firmin yakan cika kwalba ya miƙa masa ta kan katanga yana kallon wani wuri, wai shi bai damu ba. Basile ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar a gindin kuranga, sa'an nan ya sunkuya ya ba kurangar haƙuri.

"Me ta yi maka kuma?" in ji Firmin.

"Wannan in ka ba alfadari sai ya kai ƙararka wurin Fada."

"Bakinka ne taba ta cinye, tsohon banza."

"Bakina lafiyarsa lau. Kai dai ka ci gaba da yi wa matan kwarin nan ruwan jiƙa kokwamba, ladanka yana sama."

"Wannan ai ta yau da gobe ce. Ka bari ka ɗanɗani ta gangata, ranar sai ka haɗiye harshen nan naka."

"To ka mutu mana! Kullum alkawari. Ni na gaji da goge baƙin takalmina."

Haka suke tun suna da gashi. Wanda bai san su ba sai ya ruga ya raba, ya tarar suna cin burodi ɗaya da wuƙa ɗaya.

A shekarar da Firmin ya fara riƙe sanda yana cewa ta dukan karnuka ce, zuciyar Basile ta fara yi masa gardama. Ya faɗi sau biyu, ɗaya a gona ɗaya a bakin tanderun ƙauye. Likita ya ce iskar tudu ta yi masa kaɗan, 'yarsa Odile kuma ta ce ba ta haife shi ba amma ita za ta yanke magana: zai koma wurinta a birnin Lausanne, a bakin tafki. Firmin ya same shi a bencin gaban coci yana shan hantsi.

"Na ji an ce za a kai ka bakin ruwa ka riƙa jefa wa agwagi burodi."

"An ce zuciyata ba ta son hawa. Da ta faɗa min tun da wuri da na yi aikin banki."

"Za ka dai riƙa leƙo mu."

"Likita ya ce in na sake hawo hanyar nan, kada a wahalar da kowa wajen saukar da ni, a bar ni a maƙabartar bayan coci kawai."

Firmin ya tona ƙasa da bakin sandarsa. "Jana'izata fa?"

"Ka aiko min da hoto."

Firmin ya yi dariya don kada a ce bai yi ba. Amma da ya koma gida bai hau sama ba, ɗakin ƙasa ya sauka. Ya zare toshi, ya kai hanci, ya tsoma sanda ya lasa. Ƙamshin da ya saba ji ya ji. To shi ne matsalar. Mutum ba ya jin warin gidansa. Cyprien ma duk shekara yana lasar sandarsa yana gyaɗa kai. Tun daga ranar Firmin ya koma sauka yana hawa kamar mai jinya a ƙasa, kullum yana fitowa da fuskar da ta fi ta jiya tsawo.

Léonie ta ba shi kwana kaɗan, don ta san in ka tambayi namiji da wuri sai ya ce ba komai. Ran nan da rana ta ajiye masa dankali da narkakken cuku, ya zauna yana kallon bango.

"Ka bar min abinci yana hucewa. Wa ya mutu?"

"Basile zai tafi."

"Na ji. Kwarin zai samu sauƙin zagi."

"Ba zai zo tawa ba, Léonie. Wa zai ɗanɗana? Yaran nan masu jefa ƙanƙara a giya? Ko ruwan wanki ka ba su cewa za su yi madalla. Tun aurenmu nake renon gangar nan, a ƙarshe a shanye ta ba wanda ya san me ya sha."

Léonie ta ajiye cokali, ta share hannu a zaninta na gaba, ta zauna tana fuskantarsa.

"Tsoho, in tambaye ka. A ce Basile bai tafi ba. A ce ya zo, ya sa baƙin takalmin nasa, ya kurɓa, ya faɗi abin da zai faɗa. Kai kana ina a lokacin?"

Firmin ya buɗe baki.

"Kana bayan coci da furanni a kan cikinka. Da wane kunnen za ka ji?"

Ya rufe bakin. Allah ya sani, bai taɓa tunanin wannan ba. Kuma kada a yi masa dariya shi kaɗai, don kaf mazan kwarin nan, tun daga kakanni, ba wanda ya taɓa yi. Kowa yana ta renon ganga don amsar da za a bayar bayan ya bar ɗakin.

"Ai ke za ki ji," ya ce a hankali.

"In ji in kai maka ina? Wa ma ya ce maka zan jira ka? Da irin wankin shuɗin rigunan nan naka, ni ce zan riga ka."

"To me kike so in yi?"

"Guduma tana inda ka bar ta. Famfon katakon da babanka ya sassaƙa yana cikin akwatin ɗinkina, tun zuwana gidan nan yake cin min wuri."

Firmin ya yi alamar gicciye da sauri har ya buge gishiri. "Ki rufa min asiri! Kin manta Prosper? Da ransa ya buɗe tasa, wata bai ƙare ba aka binne shi."

Gaskiya ne, kowa ya san labarin Prosper, da shi ake tsorata maza. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne Prosper ya haura casa'in, kuma ba buɗewa kawai ya yi ba, katifarsa ya saukar kusa da gangar, matakala ce ta ƙarasa shi wata safiya da ya yi niyyar hawa. Léonie ta tuna masa wannan. Ya ce duk da haka.

Ya ɗauki hularsa ya tafi gidan Fada. Fadan namu mutumin can ƙasa ne, mai ƙiba, wanda ya zo da niyyar shekara biyu cukunmu ya riƙe shi. Yana ba furanninsa ruwa Firmin ya tsaya a bayansa yana murza hula.

"Fada, zunubi ne mutum ya buɗe gangarsa da ransa?"

"Duk karatun da na yi, Firmin, ban ci karo da gangarka a littafi ko ɗaya ba."

"Amma ba kiran mutuwa ba ne?"

"Na binne mutane da yawa a ƙauyen nan, ban ga wanda ya aika mata kafin ta zo ba. Ita ba ta bukatar gayyata." Ya juyo da butar a hannu. "Ni ne nake bukata."

Firmin ya fito da sauƙi a gefe ɗaya, da nauyi a ɗaya gefen, kamar dai tafiyarsa. Don a hanya ya gane ba mutuwar yake tsoro ba. Cyprien ko ba komai ya huta, yana kwance lokacin da aka yi masa dariya. Shi kuwa in gangar ta juya, a tsaye zai ji, da kunnuwansa biyu, daga bakin da bai taɓa rage wa kowa ba. Sa'an nan ya ci gaba da shiga motar gidan waya da mutanen da suka sani.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyar Basile, da aka fito daga coci, Firmin ya ja hannun rigarsa. "Zo ka duba min wani abu."

Basile ya sauka matakalar a hankali, yana hutawa a kowane taki yana zagin wanda ya gina ta. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga tambulan biyu a kan kututture, da guduma, da famfon katako. Ya kalli kayan, ya kalli abokinsa. Wasa ya bar fuskarsa.

"Kai, Firmin. Ka haukace ne?"

"Ka ce ka gaji da jira."

"Wasa nake, ɗan'uwa. Kada ka ja wa kanka abu saboda ni."

"Saboda kai? Kai wa? Saboda kunnena ne. Matsa ka ba ni haske."

Bugun farko a babban yatsansa ya sauka, ya faɗi kalmar da bai kamata mutum ya faɗa da fitowarsa daga coci ba. Na biyu ya shiga. Ya murɗa famfon, ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sa'an nan giyar ta zubo siririya, launin zuma mai duhu. Ƙamshi ya cika ɗakin, na ƙaron itace da busasshen tuffa da wani abu kamar cikin tsohon akwatin kaka. Firmin ya tara tambulan ya cika, ya miƙa masa.

Basile ya karɓa. Ya ɗaga shi wajen 'yar tagar da take daidai da ƙafafun masu wucewa, ya daɗe yana kallo. Ya kai hanci. Ya kurɓa, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya ja iska ta haƙora. Ya waiga yana neman inda zai tofar, sai kuma ya tsaya. Maƙogwaronsa ya motsa.

"To?" in ji Firmin.

"Kada ka dame ni."

Ya sake kurɓa. Ya rufe ido. Can sama ana jin takun Léonie tana jan wani abu mai nauyi a kan daɓe, ba wanda ya kula.

"Basile, in za ka kashe ni ka kashe ni, gwiwata ba ta son tsayuwa."

"Tun muna samari nake tanadin abin da zan faɗa ranar jana'izarka," in ji Basile, idonsa a kan tambulan. "Na shirya shi tsaf. Na gwada wa Odile har sai da ta riƙe ciki. Duk shekara ina ƙara masa gishiri. Ka lalata min shi."

"Yi magana yadda mutum zai gane."

"Babu abin zagi a cikinta, Firmin. Na nema. Har ƙarƙashin harshe na aika ta, na dawo hannu biyu. Na sha ta mutum nawa a kwarin nan? Wadda ta kama ƙafar wannan ita ce ta babanka, ita ma ina jin don na sha ta ina da sauran haƙora ne."

Firmin ya nemi kututture ya zauna.

"Sake faɗa."

"Ban sakewa. Sau ɗaya ake yabon mamaci." Ya zaro hankici ya share ido. "Ɗakin nan naka ƙura ta yi masa yawa. Zuba wa kanka mana, ka tsaya kana kallona kamar saniya."

Firmin ya zuba. Karon farko ke nan da ya sha cikakken kurɓi daga abin da ya yi wa bauta tun yana ango. Kunnuwansa dai sun yi ja, ya zauna yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka raɗa wa asiri.

Sai ƙofar sama ta buɗe, haske ya faɗo, Léonie ta bayyana rungume da faranti. Cukun jana'iza ne, wanda ya taurare har sai da ta sa masa zarto. A bayanta Fada, a bayan Fada rabin ƙauye, kowa da baƙaƙen kayansa na Lahadi. Ita dai mace ɗaya tak ta raɗa wa a coci. Ta dai zaɓi macen da kyau.

"Wa ya ce ki yanka cukun nan?" Firmin ya miƙe.

"Wa ya taɓa shan ta jana'iza ba cuku? So kake a ce gidan Savioz sun yi rabin jana'iza? Matsa wa baƙinka."

Da farko mutane sun tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san irin fuskar da ake sawa a irin wannan taron. Tsohuwa Philomène, wadda kunnenta ya daɗe da yin ritaya, ta ga baƙaƙen kaya da cuku da famfo, sai ta kama hannun Léonie biyu ta ce Allah ya ba ta haƙuri, mutumin kirki ne duk da taurin kansa. Firmin yana tsaye a gefenta da tulu a hannu. Ta juyo ta gan shi, ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa tambulan ta ce, "Tunda kana nan, cika min."

Daga nan aka sake. Kowa ya karɓi nasa ya kalli Basile bisa sabo, Basile ya gyaɗa kai sau ɗaya, aka sha. Da aka zagaya sau biyu sai wani ya ce ai al'ada ba ta cika ba sai an ba da labarin mamaci. Aka tuno ranar da igiyar kwandonsa ta tsinke ya bi ƙasarsa a guje har gonar mutane yana cewa a dawo masa da ita. Aka tuno shekarar da ya yi wa alfadarinsa feshi don wai ƙuda. Firmin ya ce ƙarya ne, alfadarin ne ya shiga gabansa.

"Mamaci ba ya musu!" in ji Basile. "Kwanta!"

Fada ya yi gajeriyar addu'a, ya roƙi Ubangiji kada ya ɗauki wannan taron a matsayin tuni. Aka ce amin da ƙarfin da ba a taɓa ji a coci ba.

Kafin rana ta faɗa bayan dutse, mutane suka watse suna bin bango, duk sun koma tafiya irin ta mai gidan. Firmin ya zare toshi ya tsoma sanda. Sandar ta yi nisa kafin ta taɓa ruwa. Ya fito da ita ya nuna wa Basile, wanda yake zaune a matakala yana tara numfashin hawa.

"Dubi abin da suka yi min. Fada shi kaɗai ya sha na mutum uku."

"Dole ka cika ta, in ba haka ba iska ta cinye sauran. In ka cika ta da ta bana kuma sai ta koma yarinya ɗanya. Ba ta dawowa hayyacinta ƙasa da shekara goma." Basile ya nuna shi da yatsa. "In ka kuskura ka mutu kafin nan, ruwan kokwamba za a sha a kanka, kuma zan ji labari."

"Da me ma zan cika ta? 'Yar gonar tawa ko ta sha ba ta isa."

"Odile ba ta san hanyar gonata ba, kuma takalmanta ba na can ba ne. Riƙe ta. Rana ta fi dukanta, ko giyarka ta samu tarbiyya."

Washegari rawayar mota ta sauka da Basile. Yana nan da ransa a bakin tafki, an ce agwagin sun san shi, giyar can kuwa ya ce ruwan alawa ce.

Firmin, a shekarun da sa'o'insa suke neman kujera kusa da murhu, sai ga shi da gonar da ta ninka ta da, kuma sabuwar ta fi tsohuwar tsayi. Da Léonie ta ce ya riƙa sassautawa, cewa ya yi shi ba shi da sararin ciwo yanzu, akwai yarinya a ƙasa da take bukatar reno. Ita ma ta sa an yi sabon cuku, ta ce kada wanda ya taɓa mata shi da ɗanyensa.

Abin da ba mu hango ba shi ne kujerar Basile. A jana'izar farko bayan tafiyarsa, da aka zuba tambulan, ido ya rasa inda zai sauka, sai ya sauka kan Firmin, tunda shi kaɗai ne a kwarin nan aka taɓa yabon tasa a gabansa. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ja iska ta haƙora. Abin da ya faɗa ba zai maimaitu ba, don iyalan suna nan da ransu. Ashe Basile mai tausayi ne ba mu sani ba.

Tun daga ranar tsofaffin mazan Ayer suka shiga lallaɓa rayukansu. Wanda bai taɓa ganin likita ba yanzu yana haɗiyar ƙwayoyinsa a kan lokaci, wanda ya yi rantsuwa ba mai raba shi da taba ya koma tsotsar alawa. Ba wanda yake so ya riga Firmin. Firmin kuwa ya faɗa a gaban kowa cewa ba inda za shi sai gangarsa ta nuna. Mai haƙa mana kabari ya jira, ya jira, ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, bana ya sayi amya ya koma kiwon zuma.